Rabin Kiɗan Gungun Ɗinya

Litinin, 21 ga Maris, 1994

Yau ma kaset ɗin Mark. Tun daga tashar jirage har rumfar masu manja, duk inda na bi da kwandon kifi shi ke tashi. Mai shayi ya sa, mai facin taya ya sa. Hadiza da muke rumfa ɗaya ta aro rediyon mijinta ta zo da shi, tana kasa kifi tana kaɗa kafaɗa. Ta ce, "Innar Zaidu, ba yaron nan ba ne da ke cin tuwo gidanki?" Na ce shi ne. Ta ce, "To naki fa, yaushe za mu ji nashi?" Na ce ƙuda na kan kifinki.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru, kada hannu ya manta. To ga abin da ya faru. An yi ciniki, na dawo da ciwon kai.

Alhamis, 24 ga Maris

Bari in rubuta abin daga tushe, ko zuciyata ta sauka.

Tare suka koyi goge wurin Baba Dogo. Zaidu autana, da Mark ɗan Zipora, mutanen tudun Ngaski, wanda aka kawo Yelwa don firamare. Baba ya ji shi yana fito a bakin ruwa ya ce zo nan, shi ke nan. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, kuma akushin nawa ne. In Baba ya doki ɗaya sai ya doki ɗayan, wai kada wani ya yi wa wani dariya. Shekara da shekaru a zaurena suke ƙi-ƙi-ƙi har maƙwabta suka gaji da kawo ƙara. Marigayi uban Zaidu bai so gogen ba, ni na tsaya.

Da kunnena na ji Baba ya ce hannun Zaidu ya fi zurfi, na Mark ya fi zaƙi. A lokacin na ɗauka ɗana aka yaba. Ashe zaƙi ake saye.

Mark ya tafi Kaduna wurin kawunsa, ya koyo piyano a coci, irin mai ganguna a cikinta. Yanzu ɗakin Zipora kwano ne. Ban je na gani ba, an dai faɗa mini, sau uku.

Asabar, 2 ga Afrilu

Ya zo. A kan babur, da tabarau. Ya durƙusa har ƙasa, "Inna, ina wuni," kamar da. Ya kawo mini atamfa, na ce an gode, na tura ta ƙarƙashin gado.

Sun zauna a zaure, ina jin su daga wurin bandar kifi. Mark na cewa, "Tsoho, kiɗanka fa sai mutum ya yi alwala ya zauna." Zaidu ya ce, "Naka kuma sai an sayi man janareto." Tun suna yara haka suke, shi Tsoho, wancan yanzu ya zama Janareto. Mark ya ce mutane suna da ƙafafu. Zaidu ya ce suna da kunnuwa ma. Mark ya ce ai Baba ya ce kiɗa abinci ne, a dafa yadda za a iya ci. Zaidu ya ce, "Ya kuma ce ba a sa sukari a miya." Sai dariya, har da dukan tabarma.

Dariyar ce ta fi ba ni haushi. Yaron nan ba ya jin komai a ransa. An wuce shi, yana tafa wa wanda ya wuce shi. To ni zan ji masa.

Na zuba musu tuwo. Na Mark ya ɗan fi ƙanƙanta. Bai lura ba, ya cinye ya nemi ƙari.

Laraba, 13 ga Afrilu

An kira Zaidu biki a Birnin Yauri, na yi murna, na wanke masa riga. Ƙanwar Hadiza tana can, ita ta kawo labari. Wai ya sassauta tsirkiyar goge, ya shiga sabon abin nan nasa da ba ya wasa kowa, ba kirari, ba sunan amarya. Shi ya ce mini ƙarar ruwa ce a ƙarƙashin jirgi da sassafe. Mata sun ɗaura gyale a ƙugu sun tsaya suna jiran inda za su sa ƙafa, ba su samu ba. Daga baya wani ya kunna rediyo. Ba sai na rubuta kaset ɗin wa aka sa ba.

Zaidu ya dawo yana cewa, "Sun yi rawa sosai, Inna."

An fara cewa 'yan ruwa sun shafe shi. Na karɓo rubutu na zuba masa a kunu. Ya sha ya ce yau kunun ya yi baƙi.

Talata, 26 ga Afrilu

Na je duba Baba Dogo. Ya rame, gogensa na rataye a kansa, fatar guzan ta yi baƙi don tsufa. Bai gama amsa gaisuwa ba ya ce, "Ina ɗayan?" Na ce yana Kaduna yana tara suna.

Na faɗa masa abin da ke cina. Waƙa ta uku a kaset ɗin nan, na gane ta. Guntun Kiɗan Gari ne. Kiɗan da ba a yi sai sau ɗaya a shekara, in ruwan dam ya janye, Dutsen Shanya ya fito da kansa, mu mutanen Gungun Ɗinya mu shiga jirage mu je mu gaida garinmu da ke ƙasa, da iyayenmu da ke kwance a can. Shi ne yanzu 'yan mata ke murguɗa ƙugu da shi.

Na ce, "Baba, ka ji abin da ya yi?" Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Na ji. Ya yi sauri. Amma bai zubar da ko ƙwaya ba."

Ba abin da na je ji ke nan ba.

Juma'a, 6 ga Mayu

Baba Dogo ya rasu jiya bayan azahar. Allah ya jiƙansa.

Mark ya iso yau da hantsi. Ya tsaya a bakin zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na ta cewa Allah sarki Mark, riƙe shi, ba shi ruwa. Zaidu da ya yi jinyar tsohon nan, ya wanke masa tufafi, ya kwana gunsa, yana gefe shiru, ba wanda ya ce Allah sarki. Ko a kuka ma sai an fi mu.

Astagfirullah. Amma na rubuta, ba zan goge ba.

Lahadi, 15 ga Mayu

Yaya Ladan ya zo. Shi ne babba yanzu a cikin mutanen gungunmu, gogen Baba yana wurinsa. Ya tuna mini al'ada, ni na manta don tun ina yarinya ba a yi ba. In mai goge ya mutu, ranar gaisuwar gari ake fitar da magaji. Wanda ya yi Kiɗan Gari cikakke a gaban Dutsen Shanya shi zai ɗauki gogen, ya zama makaɗin gari. In ba a samu ba, sai a saka gogen a ruwa ya bi mai shi. Ya ce dattawa na shawarar a aika wa yaran duka biyu.

Duka biyu. Mark yana da piyano, yana da babur, yana da kaset, uwarsa tana da kwano. Zaidu abu ɗaya ya rage masa a duniya da zai sa a daina cewa ya taɓu, a ce makaɗin gari ne. Shi ma sai an raba?

Litinin, 23 ga Mayu

Na bi dattawa gida-gida da barka da salla, da kifi a ƙunshe. Na ce yaron ɗan tudu ne. Ba a binne cibiyarsa a gungu ba. Ko iyo bai iya ba, in ya ga jirgi sai ya ja da baya. Kuma ya kai kiɗan iyayenmu kasuwa.

Yaya Ladan ya ce, "Ma'u, Zaidu ma a Yelwa kika haife shi, bayan ruwa ya ci gari. Kuma wancan, wa ta ciyar da shi?" Na ce ciyarwa daban, gado daban.

Sun yarda ba za a aika masa ba. Na yi barci mai daɗi.

Asabar, 4 ga Yuni

Zaidu ya fara bitar Kiɗan Gari da la'asar. Sai ya ja, ya ja, ya tsaya cak. Shiru. Sannan ya ci gaba. Ya sake tsayawa. Na ɗauka tsirkiya ce ta tsinke, na leƙa. Yana zaune, izgar gogen a sama, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wani.

Na ce mene ne haka. Ya ce, "Wurin Mark ne."

Ashe kiɗan na mutum biyu ne, kamar jirgi, na gaba da na baya. Na gaba ya kira, na baya ya amsa. Baba Dogo da abokinsa Gidaɗo suke yi a da. Shekarar da ruwa ya zo Gidaɗo ya kwanta ciwon ajali, ya kira Baba ya ɗora masa rabinsa a hannu, yatsa a kan yatsa. Tun daga nan Baba ke yin duka shi kaɗai, shi ya sa na manta biyu ne. Zaidu ya ce Baba yakan ce mai tuƙi shi kaɗai zagaye yake yi. Da ya samu yara biyu sai ya sake rabawa. Kira ga Zaidu, amshi ga Mark.

Na ce to ai ka ji amshin sau dubu a zauren nan, cika abinka. Ya ce, "Ji daban, bayarwa daban, Inna. Abin da ba a ɗora maka a hannu ba, in ka taɓa sata ne." Na ce shi da ya sa a kaset fa? Ya ce, "Nashi ya sa. Ko ɗigo bai taɓa nawa ba."

Taurin kan uban nan nasa.

Laraba, 8 ga Yuni

Na ce wa Hadiza ta sa waƙa ta uku, wai ina son in ji ko batirinta na da ƙarfi. Na saurara da kyau. Gaskiya ne, amsa ce kawai, amsa bayan amsa, an jera su an sa musu ganga. Ba kiran Zaidu ko ɗaya a ciki.

Da ya sata da na fi jin daɗi.

Alhamis, 16 ga Yuni

Dattawa sun zo su ji. Na share zaure, na dama fura. Zaidu ya yi musu kiɗansa da ramukansa. Duk inda ya tsaya sai ka ji kaji a tsakar gida. Tsohuwa Tamada ta ce, "Yaron nan mantuwa yake ko tari zai yi?"

Yaya Ladan ya ce, "Wannan rabi ne. Ba a kai wa matattu rabi." Ya dube ni, ba Zaidu ba. Ya ce in haka za a yi, gara tun yanzu a nemi dutsen da za a ɗaura wa gogen.

Bayan sun tafi na yi wa Zaidu faɗa har muryata ta dishe. Na ce za a jefa gogen a ruwa kana kallo. Ya ce in haka ne gaskiyar abin, a jefa. Ya shafa wa izga ƙaro ya ci gaba.

Lahadi, 19 ga Yuni

Ruwa na ta janyewa. Masunta sun ce an fara ganin kan dutsen.

Talata, 28 ga Yuni

Zipora ta zo kasuwa da daddawa. Na yi kamar ina ɗaure kwando, ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta sa sabon zane ba, na duba.

Muka gaisa. Ta ce, "Mark ya ji an ce kada ya zo." Ba ta ce wa ya ce ba. Ta ce ya ce ba komai, ai Zaidu ne ɗan gari. Ta ce har yanzu tsohon gogensa na nan a Kaduna, kawunsa ya ce ya ƙi a taɓa. Sannan ta ce, "Ke dai kin ji daɗi, Innar Zaidu. Naki yana gida, kina ganin ko ya ci. Ni nawa a rediyon mutane nake jin shi."

Maganar wanda ya ƙoshi ke nan.

Ta ce Asabar ta sama Mark yana da biki a Shanga. Ta bar mini daddawa, ta ƙi karɓar komai.

Da na dawo gida wata dabara ta zo mini. Gidaɗo ya ba Baba rabinsa. To Mark ma ya ba Zaidu nashi mana. Ya ɗora masa a hannu, yatsa a kan yatsa, al'ada ta cika, Zaidu ya yi duka shi kaɗai. Me Mark zai yi da shi? Ya riga ya ci moriyarsa. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 9 ga Yuli

Shanga. Ba mai a gari, motar da na samu ta shinkafa ce, a kan buhu na zauna har can. Na ce wa Zaidu kifi zan saro.

Na tarar da fili cike, rana tsaka, janareto na ta ɓaɓatu. Mark yana tsaye bayan piyanonsa, yatsu na gudu, yara a kan katanga, tsofaffi ma na gyaɗa kai. Na tsaya can baya kusa da mai rake. Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa, kiɗan yana shiga jiki. Ba ya tambayarka izini. Na Zaidu sai ka je ka same shi inda yake, na wannan shi ke zuwa ya kamo ka. Na riƙe ƙafata da ƙarfi.

Ban san yadda ya hango ni ba. Kiɗa ya tsaya. Ya ratsa mutane ya zo ya durƙusa a ƙasa da farin yadinsa. Ya koma ya faɗa a lasifika wai ga uwarsa da ta ciyar da shi tuwo har ya iya riƙe izga. Mata suka yi guɗa, aka kawo mini kujera. Kunya kamar in nutse. Wata ta ce, "Hajiya, kin haifi ɗa." Ban gyara mata ba. Ban san dalili ba, hayaniya ta yi yawa.

Da aka tashi cin abinci na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba. Na shirya amsar da zan ba shi in ya ƙi. Ya kalli hannunsa. Ya ce, "To, Inna. Bari in je Kaduna in ɗauko goge." Shi ke nan. Ko ja-in-ja babu. Ya sa aka kai ni tasha a babur.

Duk hanya ina neman abin da zan ji haushinsa ban samu ba, sai wannan ya ba ni haushi.

Alhamis, 21 ga Yuli

Ya zo shekaranjiya da gogen a cikin buhu. Fatar ta saki, sai da suka gasa ta a rana.

Na zauna bakin ƙofa don in gani da idona. Mark ya miƙa hannu ya ce, "Kawo yatsunka, Tsoho, in ba ka kayanka in huta." Zaidu ya dube shi, ya dube ni. Ya gane. Ya sa hannuwansa a hammata.

Ya ce, "Baba ya karɓa ne don Gidaɗo na mutuwa. Kai mutuwa za ka yi?"

Mark ya ce in aka sa shi a jirgi, e. Zaidu ya ce to sai ka mutu a can in karɓa. Mark ya ce dattawa ba sa son shi. Zaidu ya ce, "Wadda ta rufe ƙofar ta san inda ta aje mabuɗin." A gabana. Ɗan da na haifa.

Yau da safe na yafa gyale na tafi gidan Yaya Ladan. Ya bar ni a tsaye ina ta zagaye-zagaye, yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya ce, "Ke kika ce kada ya zo, ke kika ce ya zo. Gobe mi za ki ce?" Na ce gobe Juma'a. Ya yi dariya ya ce a shigo da shi.

Kwana biyu ke nan suna bita suna faɗa. Yatsun Mark sun yi laushi, piyano ta lalata su, tsirkiya ta fasa masa biyu. Kuma gudu yake. Zaidu na cewa, "Janareto, ina za ka? Matattu ba sa sauri." Mark na cewa, "In ka ƙara ja haka, masu ran ma za su bi su." Zaidu ya ƙara sassautawa don mugunta. In suka yi wannan shirmen a gaban dutse, gogen ya tafi, kuma sunan Zaidu za a kira, ba na baƙo ba.

Na ɗaura wa Mark tsumma da man kaɗanya a yatsun. Don kiɗan, ba don shi ba.

Asabar, 23 ga Yuli

An yi.

Mun tashi da hantsi, jirage da yawa, wasu daga sabon garin da aka mayar da mutanenmu, wasu daga Yelwa. Ni da yaran da Yaya Ladan da Tamada a jirgi ɗaya. Mark ya shiga da rarrafe. Da aka tura jirgin ya kama gefe da hannu biyu, fuskarsa ta yi toka-toka, yana kiran Yesu a hankali. Tamada ta ce, "Wannan da wane hannu zai riƙe goge?" Na matsa bayansa, na kwance gyalena na ɗaura masa a ƙugu, na naɗe ɗaya bakin a hannuna. Na ce saki jirgin, ni 'yar gungu ce, ban taɓa sakin abu a ruwa ba.

Dutsen Shanya ya fito kamar bayan dorina. A nan innata ke shanya gero, ni ina korar awaki. Aka jera jirage, aka yi addu'a, aka yi shiru. Yaya Ladan ya ɗora gogen Baba a cinyarsa, dutsen ɗaurawa na ƙarƙashin ƙafarsa, na gan shi.

Zaidu ya kira. A hankali, can ƙasa, kamar mai jan taru mai nauyi. Ya tsaya. Ina jin bayan Mark na rawa ta cikin gyalen. Sai ya amsa. Ya yi sauri, kamar yadda Baba ya ce, kuma ya sa wani ɗan lanƙwasa na kaset a ƙarshe. Zaidu ya sake kira, bai ƙara sauri ba ko kaɗan. Mark ya amsa, bai rage ba. Haka suka tafi har ƙarshe, ba wanda ya bi wani. Ɗaya kamar tsoho na tambayar labarin gida, ɗaya kamar yaro da ya dawo daga kasuwa yana ba shi. Ban san ko daidai ne ba. Ba irin na Baba ba ne.

Tamada ta ce, "Dogo bai yi haka ba." Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. A jirgin kusa da mu wani tsoho na kiran sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Ladan ya dubi sauran dattawa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki dutsen ya jefa shi a ruwa, ban da gogen. Ya ce kiɗan ya cika. Ya miƙa wa Zaidu gogen, ya ce na gaba shi ke riƙe jirgi. Ya zare izgar Baba ya miƙa wa Mark, ya ce, "Kai kuma duk inda ka je, bana war haka ka dawo da ita." Yana nufin baɗi, tsufa ne. Aka yi dariya, har masu kuka.

Zaidu makaɗin gari. Na rubuta da kyau don in gani.

Sai dai izgar ce mai ado, mai jan fata da zoben azurfa. Kuma a hanyar dawowa abin da mutane ke rerawa a jirage amshin Mark ne, ba wanda ya rera kiran. Na lura. Hannuna ya yi kanta don naɗin gyale, ban sake shi ba sai da ƙafarsa ta taka ƙasa.

Laraba, 3 ga Agusta

Mark ya koma Kaduna. Har bakin babur suna musu, shi yana cewa Zaidu ya zo a ɗauki ƙarar ruwan nan tasa a kaset, ko mutum goma suka saya. Zaidu na cewa injin ba ya iya jira. Ba su gama ba, ba za su gama ba.

Na kai atamfar nan wurin tela, kada gara ta ci. Na aika wa Zipora kifi, wanda ya ɗan kakkarye ne, ba wani abu ba.

Hadiza ta ce me ya sa ƙafata ke motsi a rumfa. Na ce sauro.

Yau da la'asar Zaidu na bita a zaure da gogen Baba, da ramukansa kamar kullum. Ina tsince shinkafa. Ban san lokacin da abin ya fito daga bakina ba, a daidai wurin shirun. Kiɗa ya tsaya. Ya leƙo ya ce, "Inna, ba a ɗora miki a hannu ba fa." Na ce hannuwan duka huɗu wa ta ciyar da su?

Ya koma yana dariya. Wai kuma da saurin Mark na yi, har da ɗan lanƙwasan.

Ƙarya yake. Shinkafar ce ke sa ni sauri.